Ranar da na kifar da bahon Naja'atu

Ni Ɗantsoho na Kashin Zama, babu wanda ya taɓa ganin na tsorata. Kububuwa ta sare ni sau biyu, duk biyun ita ta mutu. Motar albasa ta kife da mu a hanyar Kurmi, mu bakwai a kan buhuna, ni na fara miƙewa, da ƙafa a karye, masu ɗorin Aliero suka mayar mini da ita. Farin da ya ƙare shanun mutane ina saurayi, ganye na ci na rayu. Amma safiyar da zan ba da labarinta, 'yan tsaki huɗu suka tsorata ni.

Ina da jika, Naja'atu, ɗiyar ɗana Nafi'u. Tana karatun malanta, ɓangaren ƙananan yara, waɗanda ba su kai shiga aji ɗaya ba. A shekararta ta ƙarshe aka tura ta wata makaranta a Maiyama, aka ce ta tsara ɗakin yaran yadda za su koyi abu ta hanyar wasa, sannan wata malama ta zo daga kwalejinsu ta duba. Idan aikin ya yi, ta gama. Idan bai yi ba, ƙawayenta su wuce su bar ta.

Ta zo gida da wani faffaɗan kwali ta shimfiɗa a tsakar gida. Ta zana ɗakin, ta raba shi gida-gida. Nan wurin yashi, nan wurin gini da kara, nan 'yar kasuwa mai mudu da gwangwanaye, nan tabarmar tatsuniya, can waje gindin dogon yaro wurin ruwa. Na yi dariya har da tari. Na ce ashe wasan ƙasa ma yanzu sai an yi masa jarrabawa, mu da muka yi namu a bakin fadama wa ya ba mu maki? Ta ce yaron da ke juye ruwa daga babban mazubi zuwa ƙarami ya san yawa da kaɗan tun kafin a nuna masa lamba. Na ce in haka ne ni na gama karatu, shekara hamsin ina awon irin albasa da gwangwanin madara ban taɓa kuskure ba.

"Awo, Tsoho," ta ce. "Kai ne shugaban ajin. Sai ka tashi ka nemo mini kaya."

Rabin aikin nan ni na yi shi, ko ita ba za ta musa ba. Ni na ɗebo yashi daga gulbi na tankaɗe sau biyu. Ni na yanka kara daidai wa daida na goge bakinsa don kar ya soki yaro. Ni na sassaƙa sikelin itace da ko mahautan Jega za su yi sha'awa. Da aka zo kan wurin ruwa, ta ce tana son robobi manya da ƙanana, a yanka wasu su zama moɗa, wasu mazurari. Ta dube ni cikin ido ta ce ban da na maganin feshi, ko an wanke. Ta nuna mini wani shafi a littafinta inda take rubuta kowane kaya, daga ina ya fito, me aka taɓa zubawa a ciki, domin malamar za ta karanta.

Na ce to. A raina na ce yarinya ce.

Mu manoman albasa muna da yadda muke yi. Jarkar feshi in ta ƙare, ka wanke da toka sau uku, ka shanya kwana bakwai, ka sansana. In hanci bai ji komai ba, ta zama jarkar ruwa. Da irinta nake shan ruwa a gona shekara talatin, ga ni nan, haƙorana ma ban zubar da rabi ba. Ina da guda biyar na wani sabon magani da na sayo a Jega bana, saboda ƙwarin sun daina jin tsohon. Masu kauri ne, farare, ba irin na mai da ke tsagewa ba. Na wanke su da toka. Kwana biyu kawai suka samu a rana, don tana sauri. Na ɓare takardun jikinsu na ƙone, sai ɗaya da na ninke na sa cikin hulata. Haka nake yi kullum, tunda ba na karatu: in zan sake saye sai in miƙa wa mai shago takardar in ce irin wannan.

Na yanka huɗu na ba ta. Ta tambaye ni na mene ne, na ce na man gyaɗa. A gabana ta rubuta.

Gindin jarka ta biyar, wanda na yanke na ajiye, ya yi kwanaki a rataye. Ana gobe malamar za ta zo, da yamma, na sauke shi na zuba wa kajin matata Uwani ruwa a ciki.

Da safe ina shan kunu Uwani ta kira ni bayan ɗaki, da wata murya da ban san ta da ita ba. 'Yan tsaki huɗu a kwance kewaye da robar, ƙafafu a miƙe. Uwarsu tana tangaɗi, yawu na zuba daga bakinta. Uwani ba ta yi maganar kajin ba ko kaɗan.

"Malam," ta ce, "ina 'yan'uwan robar nan?"

Na san inda suke, na kuma san lokacin. Naja'atu ta karanta mini tsarin ranar har na haddace. Ba ta buɗe wurin ruwa ba tukuna, ta ajiye shi sai ranar da malamar za ta zo. Kuma shi ne na ƙarshe, sai an dawo daga hutun tara, don kar yara su yini da jiƙaƙƙun kaya. Na dubi inuwar katanga. Ina da lokaci, amma ba mai yawa ba.

Uwani ta kira wayar Naja'atu sau uku, a kashe. Dama ta ce za ta kashe ta a ranar. Nafi'u yana kudu da lodin albasa. Ba mu san lambar kowa a makarantar ba. Na ɗauki sandata na nufi gidan Kalilu mai kabu-kabu.

Kalilu ya yi furfura a kan babur. Mata masu ciki da masu ɗauke da ƙwai su ke neman sa, domin ana cewa jaki ma yana wuce shi. Shi kaɗai na samu, sauran sun tafi Jega tun asuba don ranar kasuwa ce. Na ce Maiyama, kuma sauri nake. Ya tambaya ko lafiya, na ce saƙo zan kai wa jikata. Ya ce ashe tsohon ango ya kasa haƙuri, amarya ta yi nisa. Ban tanka ba. Ya waigo ya dube ni, domin bai taɓa tsokana ta na yi shiru ba.

Daga Kashin Zama zuwa Aliero, daga Aliero zuwa Jega, Kalilu yana kauce wa kowane rami kamar da sunansa ya san shi, yana gaishe da mutanen gona. Ni kuwa ina kallon inuwarmu a kan titi tana gajarcewa. A nan bayan babur na yi ta saƙa da warwara. In na shiga na ce jarkokin na feshi ne, malamar za ta buɗe shafin nan ta ga an rubuta man gyaɗa da hannun Naja'atu. Shekarun da yarinyar ta yi tana karatu, da albasar da Nafi'u ya sayar a kanta, duk sun tafi a bakina. Kuma a ce Ɗantsoho, da furfurarsa, ya yi wa jikarsa ƙarya.

Kafin mu shiga Jega na samo dabara, kuma har yau ina cewa dabara ce mai kyau. Ni tsoho ne mai ɗingishi. Zan shiga kamar na zo kallon aikin jikata, in yi tuntuɓe in kifar da bahon ruwan wasan, in tattara robobin kamar ina taimako, in fita da su. Ruwa ya zube, yara sun tsira, littafi bai motsa ba. Iyaka a ce tsoho ya yi abin kunya, wannan kuwa zan iya ɗauka.

A Jega muka tsaya cik. Wata babbar mota ta gitta titi ana sauke shanu, Keke Napep sun cushe ta ko'ina, masu buhunan gero sun ajiye kaya a tsakiyar hanya suna ciniki. Wani bijimi ya ƙi sauka, mutum biyar na jan igiya. Kalilu ya kashe babur ya sa ƙafa ƙasa, ya ce sai haƙuri, ko za mu sha fura kafin a buɗe. Na dubi rana. A lissafina an kusa kaɗa ƙararrawar tara.

Na matsa bakina kusa da kunnensa.

"Kalilu, ɗiyan mutane za su sha ruwa a jarkar feshi. Ni na ba da ita."

Ya tayar da babur, ya karkata ta cikin kara, kasuwar dabbobi, tsakanin turakun shanu, dillalai na zagin mu, wani Bafulatani ya ɗaga sanda. Muka bi ta bayan rumfunan mahauta, ta wani lungu da gwiwoyina ke gogar bango hagu da dama, muka faɗa kwata muka fito. Da muka hau titin Maiyama, mutumin da jaki ke wucewa ya wuce motar haya biyu. Na dafe hulata da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe rigarsa. Na ce ban taɓa tsoro ba, to ban ji tsoron gudun ba, so nake ya ƙara.

Muna shiga harabar makarantar na ji shiru, irin shirun da ke nuna an koma aji. Na hango dogon yaron, na hango bahon, shuɗi, na hango yara shida durƙushe kewaye da shi, hannuwa cikin ruwa har gwiwar hannu. Farar moɗar da na yanka da wuƙata tana hannun wata, mazurarin yana hannun wani. Naja'atu na tsugune tana tambayar su moɗa nawa za ta cika babbar robar. Gefe guda wata mace mai tabarau zaune a kan 'yar kujerar yara, da takardu a cinya. Ita ce Malama Raihanatu, wadda ta zo dubawa.

Na yi sallama da ƙarfi, na tako da ɗingishin da ya fi nawa na gaskiya. Na sa sandata a bakin bahon, na saki jiki. Na faɗi da gaske, har kafaɗata ta amsa. Ruwan ya malale a ƙasa, ya bi ta ƙarƙashin kujerar malamar ya jiƙa mata takalmi. Yaran suka fashe da dariya.

"Tsoho, mi ya kawo ka?" Naja'atu ta ce a hankali, tana ɗaga ni. Fuskarta kamar za ta yi kuka.

Na ce na zo ganin aikin da muka yi ne. Malama Raihanatu mutuniyar kirki ce. Ta gaishe ni da Baba, ta sa aka kawo mini benci, ta ce kar Naja'atu ta damu, ta riga ta ga abin da take son gani a wurin ruwa, kuma ya yi kyau. Har ta yaba yankan robobin, ta ce babu kaifi ko ɗaya. Na ce ai aikin hannuna ne. Na shiga tattara su ina zubawa a gaban rigata. Kalilu na tsaye daga nesa riƙe da babur, yana kallona.

Komai ya tafi yadda na tsara. Ɗaya, biyu, uku. Saura moɗar.

Wata 'yar ƙarama ce riƙe da ita, Lubna, ba ta fi shekara huɗu ba, da kitso biyu. Na miƙa hannu ta ɓoye a bayanta. Na lallashe ta, na ce zan saya mata alewa. Sai na lura gaban rigarta a jiƙe yake tun daga wuya, ba irin jiƙewar fantsama ba. Leɓenta da danshi. Ta yamutsa fuska ta ce da ni, kamar mai ba da sirri, ruwan Anti ba daɗi. Na tambaye ta ta sha ne? Ta ɗaga yatsu biyu.

Babu wanda ya ji sai ni. Naja'atu ta juya tana kora sauran zuwa tabarma, malamar tana rubutu. Da na karɓe moɗar na fita, an gama. Wataƙila ba abin da zai same ta, ni shekara talatin ina sha. Sai na tuna kazar Uwani, ita ma jiya da yamma lafiyarta lau take kiwo. Yarinyar za ta koma gida, ciwo ya tashi, uwarta ta ce shawara ce ko iska, a jiƙa mata sassaƙe. Babu wanda zai ce asibiti, domin babu wanda ya san abin da ta sha.

Na saki gaban rigata, robobin suka zube.

"Malama," na ce, "jarkokin nan na maganin feshi ne. Yarinyar ga ta sha. Naja'atu ba ta sani ba, ni na ce mata na mai ne."

Naja'atu ba ta dube ni ba. Ta ɗauki Lubna cak, ta cire mata jiƙaƙƙiyar rigar, ta kira malamar ajin kusa ta ce a kawo sabulu da ruwan rijiya a wanke hannun sauran biyar da fuskokinsu, a tambaye su ɗaya bayan ɗaya wa ya kai baki. Na ce a nemo manja a ɗura mata, haka muke yi. Ta ce ba za a ba ta komai ba sai a asibiti, kuma muryar da ta faɗa da ita ta sa na rufe bakina. Kalilu ya riga ya kawo babur har gindin bishiyar.

Naja'atu na shirin hawa ta juyo gare ni, karo na farko.

"Mi ne sunan maganin? Za su tambaya."

Na ce ban sani ba, fari ne, mai wari kamar kananzir. Malama Raihanatu ta ɗauki robobin tana juyawa, babu rubutu ko ɗaya, ni na ɓare. Sai hannuna ya kai kan hulata. Na ciro takardar, ta jiƙe da gumi amma rubutun na nan. Naja'atu ta fizge ta, suka tafi.

Malama Raihanatu ce ta ɗauke ni a motarta muka bi su, da sauran yaran biyar a baya don a duba su. A asibitin na zauna a dakalin waje. Na ji an ce yarinyar ta fara amai, yawu na zuba. Na ji an aika neman wata allura. Uwar Lubna, Tasalla, ta iso da gudu, mayafi a hannu, da ƙullun ƙosai a yatsunta. Wani ya nuna mata ni. Na gyara zama ina jiran zagi, na ma fi son ta zage ni. Ta dube ni kawai ta shige.

Na yi azahar a wurin, ban san abin da na karanta ba. An saki yaran biyar, ba abin da ya same su. Sai bayan la'asar wani ma'aikaci ya fito ya ce wa ya kawo takardar maganin. Na miƙe. Ya ce ita ta sa ba su ɓata lokaci ba, yarinyar ta farfaɗo har tana neman abinci, amma za ta kwana biyu a wurinsu. Na ce masa kuskuren kwana biyu ne, da jarkar ta samu kwana bakwai a rana da ba haka ba. Ya ce Baba, ko kwana saba'in ta yi, robar ta riga ta sha maganin. Na ce ni fa shekara talatin. Ya ce to Allah ne ya tsare, kuma in zo a duba ni. Ban je ba.

Malama Raihanatu ta kira Naja'atu gefe, ina jin su. Ta ce ba za ta ba ta maki a ranar ba, domin ta rubuta a littafi abin da ba ta tabbatar da kanta ba, kuma mai kula da ƙananan yara ba ta ɗaukar maganar kowa a kan abin da zai shiga bakinsu, ko da kakanta ne. Ta ce ta ga yadda ta yi da abin ya faru, za ta rubuta wannan ma. Za ta dawo zango mai zuwa. Ƙawayen Naja'atu suka gama a lokacinsu, ita ta ƙara wata huɗu.

Da na koma gida na tara jarkokin feshin da ke gidana da na gona, har da wadda nake sha, na huda kowace da wuƙa na binne su a bayan gari. Maƙwabta suka ce Ɗantsoho ya fara ruɗewa. Na ce su zo su faɗa a gabana, babu wanda ya zo.

Naja'atu ta yi wata biyu tana gaishe ni da ina kwana Kaka, kamar baƙo. Babu Tsoho, babu tsokana. Ana saura mako malamar ta dawo, ta shigo da sababbin ƙore da ludaya daga kasuwar Jega, ta zauna a tsakar gida tana wanke su da kanta. Na ce na ɗebo mata sabon yashi, na tankaɗe sau biyu. Ta ɗauko rariya ta ajiye a gabana.

"Tankaɗe, ina kallo," ta ce.

Na tankaɗe. Ko tsakuwa ɗaya ba ta samu ba, domin a ƙasar Aliero babu mai tankaɗe yashi kamar ni. Ta sa hannu ta juya shi, ta sansana, sannan ta buɗe littafinta ta rubuta.